Rantsuwar da Yaya Sani bai yi ba

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Yaya Sani makwancinsa a maƙabartar Tarauni, wata Alhamis bayan la'asar. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye biron, domin shi ba mai son yabo ba ne, ni kuma ban iya yabon ba. Bana ne abin ya fi ƙarfina. An taɓa sunansa ta inda ban taɓa zato ba, kuma tun da shi ba shi da bakin magana yanzu, ina ganin nauyin ya dawo kaina.

Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Salisu nake. Na yi shekaru masu yawa ina ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, shi ya sa a Gyaɗi-Gyaɗi kowa Likita yake ce mini. Na gaji da gyara musu, na ƙyale su. Aikin nan ya ɓata mini hali, gara in faɗa da bakina tun yanzu. Mutum zai zo ya rantse maka daga kan babur ya faɗo, ka ɗauki hoto ka ga sanda ce aka maka masa. In ka ga irin wannan ya ishe ka, sai ka daina yarda da baki. Maiɗakina takan ce ko barka da asuba aka yi mini sai na juya ta na duba bayanta. Ba ta yi mini ƙarya ba.

Yaya malamin motsa jiki ne a wata sakandare, amma abin da aka san shi da shi a Tarauni shi ne ƙwallon kwando. Lokacin da ya fara, dariya ake yi masa. Garin da kowane lungu ƙwallon ƙafa ake bugawa, ga ƙato ya tara 'ya'yan mutane suna jefa ƙwallo cikin zobe. Bai kula ba. Ya roƙi wani fili a bayan makarantar firamare, ya bi abokansa ɗaya bayan ɗaya har aka zuba siminti, ya je Ƙauyen Alu wajen wani mai walda ya tsaya a kansa har ya lanƙwasa masa zobba biyu. Ɗayan ya ɗan karkace hagu, kuma haka ya zauna. Duk wanda ya koyi jifa a filin nan, har yau hannunsa yana ɗan jan gefe.

Abin da na fi tunawa shi ne yadda yake raba yara rukuni-rukuni. Ba ya karɓar takardar haihuwa. Yakan ce ya ga takardar da ta girmi mai ita, ya ga wadda mai ita ya haife ta. Idan yaro ya zo, sai ya tsare shi da ido ya ce, "Da wa da wa aka yi muku kaciya?" In yaro ya ambaci suna uku, magana ta ƙare, don Yaya ya san 'yan unguwar kaf. Wanda ya zo daga nesa kuma sai ya tambaye shi yaushe ya fara kai azumi talatin, kuma da zafi ne ko da damina. Na sha ganin saurayi mai gashin baki da ya zo a matsayin ɗan sha huɗu yana in-ina, sauran yara suna kwashewa da dariya. Ba ya korar kowa. Yakan dafa kafaɗarsa ya ce ya koma rukunin manya, can ma akwai ƙwallo.

Wannan tsanani nasa yana da tushe. Yana saurayi an taɓa kiransa sansanin zaɓen 'yan wasan matasa. Aka tambaye shi shekarunsa ya faɗi gaskiya, aka ce ya wuce da wata takwas, ya tattara jakarsa. Cikin waɗanda aka ɗauka akwai masu kankare gemu da reza a gabansa kowace safiya. Ya dawo gida kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Amma ba na so in mayar da shi waliyyi, don haka zan faɗi ɗaya rabin. A jinyarsa ta ƙarshe, ina tura shi a keken marasa lafiya zuwa ɗakin hoto, ya ce mini ba tare da ya waiwayo ba, "Salisu, da shekara ɗaya kawai na rage, da yanzu wani labarin ake yi." Na yi dariya don na zaci wasa yake yi. Shi bai yi dariya ba.

Ɗansa na fari shi ne Abba. Abba muke ce masa saboda sunan mahaifinmu ya ci, ba mai iya kama sunan a gidanmu. Yadda ya ci sunan ma ba wanda ya manta a layinmu. Da hantsi mahaifinmu ya cika, kafin magariba matar Yaya, Hajiya Binta, ta sauka. Ranar addu'ar bakwai ita ce ranar suna. A kan tabarmin da aka karɓi gaisuwa aka raba goron suna, mutane suna shigowa ba su san ko ta'aziyya za su fara yi ko barka ba. Shekara ashirin da biyu ke nan. Ko ni na manta, tsofaffin masallacinmu ba su manta ba.

Yana ɗan sha biyar uban ya rasu, a lokacin ma ya riga ya fi ni tsawo. Shekara uku da suka wuce wani kulob na ƙwararru a Abuja ya ɗauke shi. Ba zan ambaci sunan kulob ɗin ba. Murna muka yi kamar an ba mu kujerar Makka. Amma aikin da aka ba shi ba wanda za a nuna wa surukai ba ne. Mutum biyar ke fara wasa, shi yana can ƙarshen benci da tawul a wuya. Sai wani ɗan wasan abokan hamayya ya addabe su da jifa ake tashinsa, ya shiga ya manne wa mutumin kamar kaska, ya sha gwiwar hannu a haƙarƙari, ya ƙwato ƙwallo biyu ko uku da suka dawo daga allon zobe, a mayar da shi mazauninsa. Ƙanwarsa Amira, wadda ke karatun aikin jinya, ita ke kunna mini wasannin a wayarta. Wani lokaci kafin in gyara tabarau an fitar da shi. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. In na tambaya sai ya ce, "Baffa, lokaci ne."

Ina kallon wasannin nan nakan yi tunanin me Yaya zai ce da ya ga yadda abin ya koma. A zamaninsa yaro da silifas da gorar ruwa yake zuwa fili. Yanzu kafin ya iya jifa da hagu ya buɗe shafi a intanet, abokinsa na biye da shi da waya yana ɗauka, a yanke inda ya zubar a bar inda ya ci. Kowane yaro yana da wani oga da ya yi masa alkawarin Amurka. Ina jin da ya yi murnar ganin yawan masu wasan, har 'yan mata a Babban Giji suna yi da hijabinsu, shi da ya sha bin iyaye gida-gida yana roƙo. Amma da ya ji yadda ake maganar yara kamar ana tayin raguna, wannan ya yi tsawo, wancan ya tsufa, da ya tsuke baki yadda yake yi idan alƙalin wasa ya yi son kai.

Kwatsam, wata uku da suka wuce, komai ya juya. An kawo sabon manaja. Abba ya fara wasa uku a jere cikin biyar ɗin farko. Aka sa hotonsa a shafin kulob, aka rubuta wai shi ne gobensu. Manajan da bai san ni ba ya fara kirana a waya yana ce mini Baba, yana tambayar lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya. Gida ya cika da murna, ni kuwa ban yarda da abin ba. Yaron bai ƙara tsawo ba, jifansa bai sauya ba, na zuba ido sosai na gani. To me suka gano a mako uku wanda ya ɓuya musu shekara uku? Na faɗa wa maiɗakina, ta ce in ji tsoron Allah in bar yaro ya ci arzikinsa.

Wata Asabar sai ga su a falona, manajan da Abba. Manajan matashi ne mai fara'a, turarensa ya riga shi shigowa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya miƙo mini rigar kulob da sunana a baya. Sai da ya sha ruwa, ya yi wa Koci Sani addu'a, ya yabe shi kamar tare suka tashi, sannan ya zo kan magana. Wasu masu neman 'yan wasa za su zo daga Turai su kalli sansanin 'yan ƙasa da shekara sha tara. Abba, in ji shi, Allah Ya ba shi fuskar yara. Abin da ya rage takardar rantsuwar shekaru ce ta kotu, irin wadda babba daga dangin uba ke zuwa ya rantse cewa a gabansa aka haifi yaro a shekara kaza. Sha takwas suke so in ce.

Na tambaye shi, in ban rantse ba fa? Fara'ar ba ta bar fuskarsa ba. Ya ce, "Baba Likita, kowa haka yake yi, wallahi har waɗanda kuke gani a talabijin. Ɗan ashirin da biyu da ke benci, ba mai tasowa daga Turai ya kalle shi. Kwantiraginsa kuma ƙarshen kakar wasan nan zai ƙare. Mu kulob ne, ba gidan marayu ba." A gaban yaron ya faɗi wannan. Na kalli Abba, idonsa na kan kafet.

Da maganar ta isa cikin gida, Amira ce ta fara mayar da ita wasa. Shekararta sha tara. Ta ce alhamdu lillahi, daga yau ita ce babba. Yaya Abba ya riƙa durƙusawa yana gaishe ta da safe, kuma ta daina wanke masa kwano. Kowa ya yi dariya ban da shi. Hajiya Binta kuwa ta jira sai da yara suka fita, ta ce mini a hankali, "Kai ne ubansa yanzu. Abin da ka gani." Na san matar nan tun tana amarya. Wannan "abin da ka gani" roƙo ne, ba ta dai iya furta shi ba.

Mako guda na yi ina juya abin. Zargina na farko kan manajan ya sauka, kuma har gobe yana nan. Wasa ukun nan da aka ba Abba ba ruwansu da cancanta. Ɗanɗana masa aka yi, don ya ji zaƙin abin da zai rasa. In an dace an kai shi waje, kulob ya yi suna, manaja ya yi suna. In asiri ya tonu, yaron za a dakatar, ni za a nuna da yatsa a ce ga tsohon da ya yi rantsuwar ƙarya, manaja kuwa ya ce shi takarda aka kawo masa. Kuma asirin ba wuyar tonuwa gare shi ba. Wannan fannina ne: akwai ƙasusuwan da ba sa gama haɗewa sai an haura ashirin, duk wanda ya san inda zai duba zai gani.

Daga nan zargin ya juyo kaina. Ni na ci zamanina, ritaya nake jira. Da sauƙi in harɗe a kan kujera in ce ni mai gaskiya ne, tun da ba ni zan dawo Gyaɗi-Gyaɗi da jaka a kafaɗa ba, in shiga neman tuƙin adaidaita sahu da tsawon da ko cikinta ba zai shiga ba. Na san 'yan filin Yaya da suka ƙare a haka. Kuma waɗanda Abba zai yi gogayya da su a sansanin, da yawansu sa'anninsa ne da suka riga suka yi abin da ake nema ya yi.

Sai na tambayi kaina me Yaya zai yi. Na so in ce na sani. Mutumin da ya ƙi yarda da takardar kowa ba zai je kotu ya ƙirƙiro wata ba. Amma waɗancan 'ya'yan wasu ne. Wannan nasa ne, kuma na san da ciwon wata takwas ɗin nan ya koma ga Allah. Har shi na zarga, Allah Ya yafe mini, yana kwance a kabarinsa.

A ƙarshe ba wani zurfin tunani ne ya yanke mini hukunci ba. Hango kaina na yi na dafa Alƙur'ani ina cewa an haifi yaron nan shekara huɗu bayan rasuwar mahaifina, alhali da hannun da na zuba wa tsohon ƙasa na karɓi jaririn a yammacin ranar. Na kira Abba na ce ba zan iya ba. Ya ce, "To, Baffa. Na gode." Mako uku bai kira ni ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don yaron nan ko atishawa ya yi a Abuja sai na ji.

Al'adarmu ce duk shekara, Juma'ar da ta fi kusa da ranar rasuwar Yaya, mu je ziyara maƙabarta da safe, mu dawo gida a yi addu'a a raba waina. Abba ya zo. Ya gaishe ni fuska a sake, ya ce an warware matsalar, ba sai na wahala ba. Da da fushi ya zo, da hankalina ya fi kwanciya. Na bari sai da muka dawo daga maƙabarta, baƙi suka watse, na ja shi zaure na ce ya nuna mini yadda aka warware. Ya zaro ambulan daga jakarsa. Ya ce manaja ne ya ba shi kafin ya taso, wai ya manna hotonsa ya mayar ranar Litinin. Shi ko buɗewa bai yi ba. Ambulan ɗin dai a liƙe yake, ko da yake na san ana iya sake liƙe ambulan.

Na sa tabarau. Takarda ce mai hatimi da komai, an buga ta cikin watan nan. Na zaci zan ga sunan wani baffan haya, irin waɗanda ke zama a gindin bishiya a bakin kotu suna jiran wanda ba shi da babba. Na ma shirya ganin sunana. Abin da na gani ban shirya masa ba. Na miƙa masa na ce ya karanta da ƙarfi. Da Turanci aka rubuta, ya fara da sauri kamar mai son ya gama ya huta: ni, Sani, Musulmi, malamin makaranta, mazaunin Tarauni, mahaifin wannan yaro, ina rantsuwa cewa. A nan muryarsa ta tsaya. A ƙasa ga sa hannu, wani ya yi ƙoƙari har da ɗan lanƙwasa a ƙarshe.

Ban yarda kuskure ba ne. Manajan ya san Yaya ya rasu, a falona ya yi masa addu'a. Dabara ya yi: baffa mai rai ya ƙi, kuma gobe yana iya buɗe baki, uban da ke kabari ba zai taɓa zuwa ya ce ba shi ba ne. Rantsuwar uba kuma ta fi ta kowa nauyi. Ban taɓa jin tsanar mutum ba kamar yadda na ji a zauren nan.

Ƙasar maƙabarta tana nan a takalmanmu. Abba ya ce, "Baffa, in na mayar musu ba hoto, benci zan koma. Ƙarshen kaka su sallame ni." Na ce na sani. Ya ce, "Da Baba yana nan, me zai ce?" Na so in ce masa ubanka da tuni ya yaga ta. Ban iya ba. Na ce, "Wallahi ban sani ba, Abba. Ya so ka fita waje fiye da yadda kai kake so. Abu ɗaya na sani: bai je kotun nan ba. Ni na shiga ramin na karɓe shi, kai kana tsaye a kaina kana miƙo mini itace."

Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. Bai yaga ba, bai ba ni ba. Ya shiga ya yi wa uwarsa sallama, ana saukowa daga Juma'a ya kama hanyar Abuja. Na ce a raina shi ke nan, zai manna hoton.

Asabar ɗin makon da ya biyo baya suna da wasa da yamma, Amira ta zo ta kunna mini. Biyar ɗin farko suka fito, na duba su sau biyu, ba ya ciki. Kyamara ta wuce ta kan benci, ga shi can ƙarshe. Aka tafi hutun rabin lokaci aka dawo, abokan hamayya suna ta zuba musu ƙwallo, ko sau ɗaya koci bai waiwaye shi ba. Na shiga saƙe-saƙe: ko rauni ya ji, ko sun samo wanda ya fi shi, ko ɓoye shi suke yi har baƙin su zo. Ana tashi na kira shi, na ce me ya faru, jikin ne?

Ya ce, "Lafiyata ƙalau, Baffa. Shekarata ashirin da biyu."

Na ce masa Allah Ya yi maka albarka, na kashe wayar. Na yi kuka, kuma ba duka na farin ciki ba ne. Filin Yaya yanzu an yi shaguna a rabinsa, yaran da ya koyar sun watse neman abinci, ko kofi ɗaya bai bari a gida ba da za a nuna wa jikoki. Abin da ya bari shi ne wannan yaro da ke zaune a ƙarshen benci da shekarunsa cikakku, kaka ta kusa ƙarewa, ba wanda ya yi masa maganar sabon kwantiragi. Mutane za su ce Sani ya haifu, ni ma haka na ce. Allah Ya kai haske kabarinka, Yaya. In akwai laifi a abin da ya samu ɗanka, nawa ne, ka yafe mini.

Jiya na leƙa gidan Yaya, na tarar Hajiya Binta ta sa an share ɗakin Abba, ta shimfiɗa sabon zanen gado, ta buɗe taga iska ta shiga. Ba ta ce mini komai a kan maganar ba. Ta gaishe ni kamar kullum, ta kawo mini ruwa, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita.